Zaɓen Inji Da Wayarin Ga A-kori-kurar Baba

Duk wanda ya tashi a Texas ya san cewa a nan a-kori-kura motar kowa ce. Likita na da ita, malamin makaranta na da ita, har 'yan matan jami'a za ka gan su a ciki. Tamu Chevrolet C10 ce ƙirar 1985, irin masu jiki kamar akwatin nan da kamfanin ya yi ta ƙerawa daga 1973 zuwa 1987. Baba ya saye ta hannu na biyu a Houston tun ba a haife ni ba. Da ita aka kwashe kayanmu duk lokacin da muka sauya gida, kuma da ita ake ɗauko ragunan layya na gida huɗu ko biyar daga gonakin bayan gari kowace Babbar Sallah. Bara injinta ya fara ƙwanƙwasa daga ƙasa, allurar baƙin mai ta kwanta, bakanike ya saurara na minti ɗaya ya ce ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu, waɗanda Baba ke kira mital, sun cinye. Tun daga nan take ajiye a ƙofar gida.

Ku da kuke zaune a irin unguwanninmu kun san abin da ke biyo baya. Ƙungiyar masu gidajen unguwa ta aiko takarda cewa ba a ajiye matacciyar mota a gaban gida, ko a gyara ko a ɗauke, in ba haka ba tara. Mama ta ce alhamdu lillahi, dama ta gaji da ganinta. Baba bai ce komai ba, sai dai ya shiga wanke motar duk Asabar kamar mai shirin tafiya. To ka ga dole a yanke shawara, kuma kuɗin da ni da shi muka iya haɗawa bai wuce dala dubu biyar ba.

Ra'ayin Baba mai sauƙi ne: a sayi inji 350 mai kafireta, ɗan uwan 305 ɗin da ya mutu, a ɗora shi a ƙarshen mako ɗaya, a huta. Hujjarsa kuwa ba ta wasa ba ce. Ya ce, "Kai yaro, motar da sukundireba da sifana biyu za su tayar da ita a bakin hanya ita ce mota. Wannan biren bos ɗin naku in ya yi fushi a daji, wa zai lallashe shi?" Biren bos shi ne kwamfutar inji, haka makanikan gida ke kiranta. Ni kuma na ce masa, Baba, a Amurkar yau makaniken da ya iya saita kafireta ya fi wuyar samu a kan wanda ya iya karanta kwamfuta, yawancinsu sun yi ritaya. Ga shi yanzu yayata tana Dallas, mil wajen 240 daga Houston a kan I-45, tsohon giyabos ɗin motar kuwa giya uku gare shi, in ka hau babbar hanya inji ihu yake yi kamar ana yanka shi, mai kuma yana zuba kamar an huda tanki. Mun yi makonni muna wannan muhawara bayan sallar isha'i. A ƙarshe tambayar Baba ce ta zama ma'aunin komai, wato wa zai gyara motar ranar da ba na kusa. Da ita na auna kowane inji da kowace waya da muka duba.

Injin da kowa ke sa wa tsofaffin motoci a ƙasar nan shi ne wanda ake kira LS na kamfanin General Motors. Ya fara fitowa a Corvette a 1997, sannan daga 1999 aka fara sa 'yan uwansa masu jikin baƙin ƙarfe a Silverado da Sierra, daga baya Tahoe da Suburban. An ƙera su da yawan gaske, shi ya sa kowace makabartar motoci ta cika da su, kowane shagon kayan gyara kuma yana da kayansu a kan kanta. Iri uku ne a manyan motoci: lita 4.8, lita 5.3 da lita 6.0. Kawuna, ƙanen Mama, wanda ba ya rasa ra'ayi a kan komai, ya ce in za a yi a yi mai dalili, a sa 6.0. Amma kuɗin 6.0 ya kan ninka na 5.3 saboda masu tsere suna rububinsa, kuma ya fi shan mai. Shi 5.3 ɗin da ake kira LM7 ƙarfin doki 270 zuwa 295 gare shi gwargwadon shekararsa, alhali tsohon 305 ɗinmu ko yana sabo bai kai 170 ba. Dattijon da zai ɗauko raguna ya kai jikoki yawo me zai yi da fiye da haka?

Abin da ba a faɗa wa sabon shiga shi ne 4.8 da 5.3 jiki ɗaya gare su. In ka ajiye su gefe da gefe ba za ka bambance su ba, har rubutun da ke jikin ƙarfen ma lambobin biyu yake ɗauke da su. Faɗin silinda ɗaya ne, milimita 96, tsawon tafiyar fistin ne ya bambanta, 83 da 92. Hanyar sani biyu ce. Ko dai ka cire fulogi ka zura ƙaramar kyamara, in kan fistin a shafe yake to galibi 4.8 ne, in yana da ɗan kwarmi LM7 ne. Ko kuma ka duba harafi na takwas a lambar VIN ta motar da aka ciro shi: V na nufin 4.8, T na nufin LM7, Z shi ne 5.3 mai shan fetur da ethanol, U kuma 6.0. Wani mutum da muka samu a Facebook ya kai mu bayan gidansa ya nuna mana inji a kan katako, ya rantse 5.3 ne mai mil dubu casa'in. Na ce ina lambar motar? Ya ce ai an daɗe da niƙe ta. Na duba wayoyin, an datse su da zarto daidai inda suke shiga cikin mota, kwamfutar ma ba ta nan. Baba ya ja ni gefe ya ce da Hausa, "Wannan irin injin Beljiyam ne na Ƙofar Ruwa, kowa mil dubu casa'in ne." Muka yi masa godiya muka tafi.

A Houston akwai wani abin tsoron kuma, shi ne ruwa. Guguwar Harvey ta 2017 ta nutsar da dubban motoci, kuma birnin bai daina ambaliya ba tun daga lokacin. Injin da ya sha ruwa ana iya wanke shi ya yi ƙyalli, amma wayoyi ba sa ɓoye sirri. Ka buɗe soket ɗaya ko biyu, in ka ga kore-kore a kan ƙarafan ko busasshen laka a lungu, ka mayar da hannunka aljihu. Irin wannan tsatsar tana bin cikin waya a ƙarƙashin roba, yau mota ta tashi, gobe ta ƙi, kuma ba mai gane dalili.

Daga nan na fahimci cewa inji da wayarin ba abu biyu ba ne da za ka saya daban-daban ka haɗa. Shekarar injin ita ke faɗa maka wace kwamfuta, kwamfutar ta faɗa maka wane damin waya, damin wayar ya faɗa maka wane feda da wane giyabos. Bari in ɗan yi bayani, domin a nan kuɗin mutane ke narkewa.

A jikin karanshaf akwai wani faifai mai haƙora wanda sansa ke ƙirgawa don kwamfuta ta san lokacin ba da wuta da mai. A injinan zubin farko, wato na manyan motoci daga 1999 zuwa wajen 2007, haƙoran 24 ne, sansar baƙa ce, kuma sansar kamshaf tana bayan inji. A zubi na gaba haƙoran 58 ne, sansar ruwan toka ce, ta kamshaf kuma ta dawo gaba. Kwamfutar da ta san 24 ba ta jin yaren 58, sai an sa wani akwatin tafinta a tsakani ko a buɗe inji a sauya faifan. Sabbin kuma da yawansu suna da tsarin nan na kashe silinda huɗu don tsimin mai, wanda ƙananan ƙarafan da ke ɗaga bawul ɗinsa sun yi suna wajen maƙalewa, kuma cire tsarin yana nufin sabon kamshaf da buɗe kan inji. Giyabos ɗinsu ma da tasa kwamfutar daban. Wannan kaɗai ya ishe ni in tsaya a zubin farko, inda kwamfuta ɗaya ke riƙe da inji da giya gaba ɗaya.

A cikin zubin farkon ma akwai rabuwa. Har zuwa 2002 yawancin a-kori-kurar suna da totur mai igiya, ka taka feda igiyar ƙarfe ta ja maƙogwaron inji ya buɗe. Kwamfutarsu soket biyu gare ta, shuɗi da ja, kuma ta 2001 da 2002 ita ce wadda masu wannan harka ke kira 0411, daga ƙarshen lambarta. Daga 2003 sai aka koma totur na lantarki, soket ɗin kwamfutar ya zama shuɗi da kore, kuma dole ka samo fedar da ɗan akwatin da ke tsakaninta da kwamfuta, su ma waɗanda suka dace da juna. Mutane da yawa suna sayen injin 2005 da arha, sai sun zo tayarwa su gane feda da akwatin suna can cikin motar da aka niƙe. Da na yi wa Baba wannan bayanin sai ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "To ka ji sharaɗina. Na yarda da biren bos, amma tsakanin ƙafata da inji igiya nake so, ba saƙo ba." Wallahi ban yi masa musu ba, don ni ma haka na fi so, abu uku ne suka ragu daga jerin abin da zai iya lalacewa. Da wannan maganar shekarun da muke nema suka dawo 2001 da 2002.

Sai na daina neman inji, na koma neman mota sukutum. Wata shida kafin wa'adin takardar unguwa ya zama tara ta gaske, muka samu Silverado 2002 mai jan ƙafar baya kawai, wadda aka daka daga baya har akwatinta ya lanƙwashe. Wannan shi ne irin hatsarin da kake so, domin ya nuna motar tana tafiya lafiya har zuwa ranar da aka buge ta, ba ajiye ta aka yi saboda ciwon inji ba. Jan ƙafar bayan ma da muhimmanci, don giyabos 4L60E na mai jan ƙafa huɗu bayansa daban ne, ba zai shiga C10 ɗinmu ba sai an wargaza shi. Harafi na takwas T ne. Na roƙi mai motar kada ya tayar da ita kafin mu iso, na taɓa injin na ji shi da sanyi, sannan aka murza makulli. Ta ɗan yi ƙaf-ƙaf na daƙiƙoƙi kaɗan ta yi shiru, wanda sananne ne ga waɗannan injinan in suna da sanyi. Muka bar ta ta yi zafi muka kalli allurar baƙin mai, ba ta faɗi ba. Muka gwada matsin silinda takwas ɗin, duk suna kusa da juna. Na duba lambar da ke kusurwar kan injin, wanda Baba ke kira tof, na ga 862. Na ji daɗi, don wasu daga cikin masu lamba 706 an san su da tsagewa su riƙa shanye ruwan lagireto a ɓoye. Mil ɗinta dubu 187, noti biyu na manifol ɗin salansa sun karye, kamar yadda suka saba. Dala 1,900 muka biya, Kawu yana ta cewa an cuce mu, inji kaɗai ai dala 700 ne a jonkiyad. Gaskiya ne. Amma a cikin 1,900 ɗin akwai giyabos, kwamfuta, damin waya wanda ba a taɓa yanka ba, akwatin fiyus, alteneta, kik, sansar iska, sansocin salansa, igiyar totur, har da katalis biyu, waɗanda Kawu ya ce a Najeriya indomi ake ce musu. Kuma duk sun shekara ashirin da wani abu suna aiki tare.

Saura maganar wayarin, wadda ta fi ɗaukar mini lokaci. Hanya uku ce. Ta farko ka sayi sabon dami da aka ɗinka musamman don irin wannan aiki. Akwai kamfanoni masu suna da ke yin mai kyau, ka faɗa musu shekarar inji da irin totur da giya su aiko maka, dala ɗari biyar zuwa sama. Akwai kuma na arha da ake sayarwa a intanet ba suna ba adireshi. Wani abokina ya sayi irinsu, ya yi wata guda yana neman dalilin da silinda biyu ba sa kamawa, ashe an saka wayoyi biyu a ramin da ba nasu ba tun daga masana'anta. Hanya ta biyu ka jefar da kwamfutar GM ka sayi tsari irin Holley Terminator X, mai zuwa da tasa kwamfutar da ɗan allo, yana koyon injin da kansa. Abu ne mai kyau ga wanda zai sa turbo ko ya riƙa sauya kamshaf, amma wanda ke riƙe giya ya haura dala dubu, kuma in Baba ya tsaya a Corsicana da dare, makaniken garin ba lallai ya taɓa ganin irinsa ba. Hanya ta uku ka ɗauki damin motar da ka saya, ka kwance shi, ka cire abin da ba ka buƙata, ka mayar da shi mai cin gashin kansa.

Ta ukun na zaɓa, kuma ba don arha kaɗai ba. Soket ɗin na asali ne, launin kowace waya ya yi daidai da zanen wayarin na Silverado 2002 wanda kowane gareji a ƙasar nan ke da shi. Makanike zai soka na'urarsa a soket ɗin OBD2, irin wanda doka ta sa a kowace ƙaramar mota tun 1996, ya karanta lambar matsala kamar yadda yake yi kullum. Abin da Baba zai ce masa kawai shi ne, ka ɗauke ta a matsayin Silverado 2002. Aibinta kuwa shi ne roba mai shekara ashirin a zafin Texas tana karyewa kamar ƙuli-ƙuli, sai da na sauya soket shida, kuma aikin na cin dare.

Na shimfiɗa damin a kan faifan katako a gareji, na kwance tsohon tef ɗin da ya zama kamar kwalta, na bi kowace waya daga kwamfuta zuwa inda ta ƙare. In ka cire tsoro, abin ba shi da yawa. Wayoyi masu ruwan hoda su ne masu samun wuta in an murza makulli, masu ruwan lemo wutar batir ce ta kullum, baƙaƙe kuma na ƙasa ne, waɗanda ake ɗaurewa a bayan kan inji, kuma rabin ciwon kan da ake samu daga sakacinsu yake. Abu ɗaya da zan ja kunnen duk mai wannan aiki a kai: wayar ruwan hoda dole ta samu wuta har a lokacin da kik ke juyawa. Tsofaffin motoci suna da layukan da ke ɗauke wuta a daidai wannan lokacin, in ka jona a can inji zai yi ta juyawa ba zai kama ba. Akwai kuma wayar birki, wadda ke son wuta lokacin da ba a taka birki ba, ta ɗauke in an taka, don giya ta san lokacin sakin makullinta. Baba shi ne mai rubuta alama a tef yana liƙawa. Wasu da Turanci, wasu da Hausa, wasu da abin da ba kowanne ba. A kan wayar famfon mai ya rubuta "mai", a kan ta sansar ƙwanƙwasa ya rubuta "mai jin gulma". Na bar su a haka. Ban taɓa jin Hausar Baba mai yawa irin ta waɗannan dararen ba, a can na koyi lagireto da salansa da totur, kalmomin da ba a koyar da mu a makarantar Lahadi ta masallaci.

Kwamfutar kuma sai da na aika wa mai gyaran manhajarta. Dalili shi ne tsarin hana sata, wanda in bai ga makullin motarsa ta asali ba zai bar inji ya tashi na daƙiƙa biyu ya kashe shi. Na ba shi girman tayarmu da lissafin giyar baya don giyabos ya san lokacin sauyawa. Ya tambaya ko a goge katalis da sansocin baya, na ce a bar su. A Texas ba a gwajin hayaƙi ga motar fetur da ta wuce shekara 24, kuma tun Janairun 2025 an soke binciken lafiyar mota na shekara-shekara ga motocin da ba na haya ba, amma dokar tarayya ba ta yarda a cire kayan tace hayaƙi ba, kuma tunda muna da su a hannu ban ga dalilin shaƙar da jikokin Baba hayaƙi ba. 'Yan uwanmu na California ku kam ku bincika tun kafin ku sayi ko da noti ɗaya, don a can motar 1976 zuwa sama tana shiga gwaji, kuma sauyin inji sai jami'in jiha ya duba ya amince.

Amfanin ƙarshe na sayen mota sukutum shi ne ban ciro injin ba sai da na gwada aikina a inda yake zaune. Na mayar da damin da na gyara, na raba shi da sauran wayoyin Silverado ɗin gaba ɗaya, na ba shi batir da ƙasa da wutar makulli da layin famfon mai. Juyi na biyu ya kama. Baba ya sa hannu ya ja igiyar totur da kansa sau uku, ya saurara, ya ce a kashe kada maƙwabta su sake rubuto takarda.

Yanzu injin yana rataye a gareji, na sauya robar bututun tsotso baƙin mai da sansocin da ke ƙarƙashin manifol tunda ga su a fili. Mun sayar da ƙofofi da kujeru da tayoyin Silverado ɗin, dala 800 ta dawo. Abin da ya rage shi ne tanki, don kafireta matsin mai kaɗan take so, shi kuwa wannan sai 58, saboda haka muna neman tankin ƙirar 1987, shekarar da waɗannan motocin suka koma injekta. Sai kuma mitar gudu, tamu igiya ke juya ta, sabon giyabos kuwa da lantarki yake magana. Baba ya ce a bar mitar, ya san gudun motarsa da kunne. Mama ta ce ba za ta shiga ba sai an gyara.